Lamba Sittin da Uku

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaban?", na gani. Wutar unguwarmu ce ta lalace kwana huɗu. Ga shi.

*

Kwamfuta ɗaya a jakar baya.
Takardu uku da na buga a shago.
Fom ɗin da Hammawa ya dangwala wa yatsa.
Ruwan leda huɗu.
Burodi, ban ma san wa zan ba ba.

Abin da na ɗauko ke nan daga Lafia. Mun bar titin Doma mun shiga hanyar ƙasa, Baba Sha'aibu yana kauce wa taɓo da babur, wayata ta yi ƙara. Dakta Abdulhakeem ne, shugaban bincikenmu.

"Zuwairatu, kina ina?"

"A hanya."

"Na shigo ofis babu ke, babu kwamfutar aiki."

"Tana bayana."

"Ki juyo yanzu. Lauya ya ce kar kowa ya ƙara buɗe baki a kan maganar nan."

"Lauyan ne ya ce ka ba 'yan sanda sunan Hammawa?"



"Da takarda suka zo. Me kike so in yi?"

"Kwanansa shida a tsare, Dakta. Gobe za a kai shi kotu da laifin kisa, kuma taswirarmu ce shaidar."

"Mu bincike muke yi, ba shari'a ba. Ki dawo mu..."

Layin ya yanke. Ban sake kira ba.

Mutum ɗari biyu na sa wa manhajar nan a waya da hannuna, tsakanin Lafia da Doma da Keana. Aikinta ta rubuta inda mutum ya je, da lokacin da ya tashi, da inda ya tsaya, don mu nuna wa hukuma hanyoyin da suka fi buƙatar gyara. Kowa na gaya masa magana ɗaya: ba mai ganin sunanka, lamba ce kawai. Hammawa makiyayi ne, shi ne lamba sittin da uku.

A taron da muka yi da jami'ai na haska taswirar rana ɗaya a bango, don misali. Wata Laraba na zaɓa, saboda layukanta sun fito tsaf. Ban san ranar ce aka tsinci gawar wani manomi ɗan ƙabilar Tibi, Torkula, a gonarsa ba. Wani a cikin zauren ya gane kwanar rafin. Ya ga ɗigo ya fito daga ruga ya tsaya minti arba'in a bakin gonar. Ya ɗauki hoto. Kafin magariba hoton ya zaga wayoyin gari.

Baba Sha'aibu ya ɗan juyo da kai.

"Hajiya, abin nan naki da kika sa min, yanzu haka yana ganinmu?"

"Yana gani."

"To ki ce masa ya rubuta, hanyar nan ta cinye min taya biyu a bana."

"Zai rubuta."

"Ni dai tun da aka kama Bafulatanin nan, in zan je gaida surukaina a gida nake barin wayar."

"Me kake ɓoyewa?"

"Kar a ga ban cika minti biyar ba."

Ya yi dariya shi kaɗai. Da muka hango rugar sai ya daina.

Babu saniya ko ɗaya. Maza sun kora dabbobi sun yi wajen Keana tun washegarin kamun. Mata ne kawai da yara, da kaji. Shekara goma sha biyu Hammawa yana zaune a nan, har ya gina ɗaki na ƙasa ya sa masa ƙofar kwano.

Mahaifiyarsa, Yelwa, tana zaune a bakin ɗakin. Na durƙusa.

"Sannu da gida, Inna."

"Mai wayar ce."

"Ni ce."

"A kan tabarmar nan kika zauna. Kika sha nononmu, kika ce a ƙara miki. Kika ce lamba ce kawai."

"Na faɗa."

"To lambar ce aka ɗaure, ko yaron?"

Ba ta kiran sunansa. Ɗan fari ne.

"Inna, na zo da abin da zai iya fitar da shi. Amma sai na yi magana da matarsa."

Juwairiya ta fito daga bayan ɗakin da ƙwarya a hannu, tana ɗigar da ruwa. Doguwa ce, ta rame fiye da yadda na bar ta. Ba ta gaishe ni ba. Ta ajiye ƙwaryar ta shiga ɗaki, muka bi ta, don hasken rana ba ya barin a ga fuskar kwamfuta.

Na buɗe a kan gado.

"Wannan ita ce taswirar da aka ɗauka a hoto. Layi ɗaya, ja. Wayarsa ce."

"Mun gani. Har mai sayen kaji ya nuna mana," in ji Yelwa.

"Wannan kuma ita ce ta asali, kafin a gyara. Jiya da la'asar na buɗe ta."

Na danna. Layin ya rabu gida bakwai, launi daban-daban, duk a kan juna.

"Wayoyi bakwai ne, duk na rugar nan. Tare suka tashi ƙarfe bakwai da rabi. Tare suka tsaya. Tare suka isa Doma, shago ɗaya, suka yi awa huɗu ba motsi. Mutum bakwai ba sa tafiya haka, ko a mota ɗaya suke. Dole wani ya sauka ya kama ruwa."

Yelwa ta dube ni ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Wannan aka kai ki ƙasar waje ki koyo? Caji aka kai su. Ina muka ga wuta a nan? Duk mai zuwa tallan nono ita ke tattara wayoyin, ta ƙulle a leda, ta sa a ƙwarya. Ko 'yar shekara biyar ta san wannan."

"Ni ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba."

"Ban tambaya ba."

Juwairiya ta yi magana a karon farko.

"Ina sauran shidan suka je a hoton?"

"Ni na goge su."

Suka zuba min ido.

"Inda na koyi aikin, waya ba ta rabuwa da aljihun mai ita. In layi biyu suka hau kan juna daga farko har ƙarshe, ana ɗauka na'ura ce ta maimaita. Sai a bar ɗaya, a share saura. Na umarci kwamfutar ta bar lambar da ta fi ƙanƙanta. Tasa ce ta fi ƙanƙanta, don shi ya fara miƙo min waya ranar da na zo."

"Don ya karrama baƙuwa," in ji Yelwa.

"Eh."

Ta miƙe tsaye duk da ciwon gwiwarta.

"To tashi mu je. Ki nuna musu."

"Za su tambayi wadda ta ɗauki ƙwaryar ranar."

"Sun riga sun tambaya. Ranar da na je ofishin 'yan sanda na ce musu wayar ba ta hannunsa, suka ce a hannun wa take. Na buɗe baki zan faɗa, sai yaron ya daka min tsawa daga bayan kanta, inda suka tsare shi. Tun da na haife shi bai taɓa ɗaga min murya ba. Idonsa ɗaya a kumbure, yana ce min, Inna yi shiru." Ta nuna Juwairiya da haɓa. "Wannan yake karewa. To daga me? Ta kai nono Doma ta dawo. Hanyar Doma ba ta bi ta gonar Torkula ba. Na'urarku ƙarya take yi."

"A nan ba ta yi ƙarya ba, Inna."

"Me kika ce?"

"Wayoyin sun tsaya a bakin gonar. Minti arba'in."

Yelwa ta juya a hankali.

"Ke."

Juwairiya tana kallon ƙasa.

"Da ke nake. Me ya kai ki gonar Tibi?"

"Wajen Mnena na je."

"Wace ce kuma Mnena?"

"Kin san ta, Inna. Matar Torkula."

"Bayan dattawa sun hana? Tun rikicin rafi na bara, nasu da namu suka ce ba saye ba sayarwa, ba gaisuwa. Ke kin fi dattawa ne?"

"Duk Laraba muna haɗuwa a gindin ɗorawar bakin gonar. In ba ta nono da man shanu, ta ba ni doya da riɗi."

"Doyar da muke ci a gidan nan?"

"Kin ce ta fi ta kasuwa gari."

Yelwa ta ɗaga hannu kamar za ta mare ta. Hannun ya tsaya a sama.

"Shi ya sani?"

"Shi ke cewa in ƙara mata man."

"Innalillahi."

"Inna, da nonona ya ƙafe a haihuwar fari, ina kwance ban san inda nake ba, wa ya shayar da jikarki wata biyu? Dattawan ne?"

Yelwa ta sauke hannun. Ta koma ta zauna a bakin gado.

Na ce, "Juwairiya, kin ga Torkula ranar?"

"Na gan shi. Yana can tsakiyar gona yana gyara kunya. Ya ɗaga min fartanya daga nesa, ya ce a gaida mai shanu. Kullum haka yake cewa."

"Da kuka tashi yana raye?"

"Yana waƙa ma. Muryarsa ba daɗi, Mnena tana yi masa tsiya."

"Kin ga wani a wajen?"

"Ban ga kowa ba."

Na ciro takarda ta uku na shimfiɗa a kan gado.

"Akwai layi na takwas. Kore. Lamba ɗari da sha takwas. Na je ƙauyensu ni ma, na sa wa mutum tara manhajar. Wannan ta Mnena ce."

Juwairiya ta matso. Ba ta iya karatu ba, amma ta bi layin da yatsa ba ta kuskure ba.

"Nan gidansu ne. Nan ɗorawar."

"Ta iso kafin ke da minti biyar. Kun zauna tare. Kun tashi tare, kun shiga mota ɗaya a mararraba. Takarda ta farko za ta nuna wayarsa ba ta hannunsa. Ta biyu za ta nuna ke ce a wajen. Ta uku za ta nuna ba ke kaɗai ba ce, kina tare da matar mamacin. In suka kira ta, ta ce ta bar mijinta da rai, shi ya fita, ke ma kin fita."

"Alhamdulillahi," in ji Yelwa. "To me muke jira?"

Juwairiya ba ta ɗaga yatsanta daga koren layin ba.

"Me ta gaya wa dangin mijinta?"

"Na ji ta ce daga gida kasuwa ta wuce kai tsaye."

"To."

"In an kira ta za ta faɗi gaskiya."

"Kin san Iorliam?"

"A'a."

"Yayan Torkula ne. Ranar binnewa ya tsaya a bakin kabari ya ce duk wanda ya nuna wa Fulani hanyar gonar nan, ko a cikin gidansu yake, sai ya bi ƙaninsa. Mai kai mana gishiri ta ji da kunnenta. Yanzu Mnena tana zaune a tsakiyar gidansu, an aske mata kai, 'ya'yanta uku a gefenta. Sai ki fito da takarda ki ce da safen da aka kashe mijinta tana zaune da matar Bafulatani a bakin gonarsa, kuma ta yi musu ƙarya."

"'Yan sanda kawai za su gani. Da lauya."

Ta ɗago ta dube ni.

"Haka kika ce wancan karon."

Ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Taswirar da kika haska a bango ma awa nawa ta yi kafin ta zaga gari?"

"Zan nemi a ba ta kariya."

"Wa zai ba ta? Takardar ce za ta kwana a bakin ƙofarta?"

Yelwa ta buga cinyarta.

"Ita da danginta su ƙarata! Kwana shida tana jin an kama shi, ta buɗe baki? Ta san ba shi ba ne, ta yi shiru don ta tsira da wuyanta. Mu ne za mu ji tausayinta?"

"Ni ma na yi shiru kwana shida, Inna."

"Ke an hana ki ne."

"Ita ma abin da ke gabanta ya hana ta."

"Ban san wannan ba. Hammawa na sani. Hammawa! A fito min da shi."

Ita kanta ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Juwairiya ta ɗauki takarda ta uku ta ninke ta gida huɗu, ta tura a cikin zaninta.

"Biyu sun isa. Zan je in ce ni na ɗauki ƙwaryar. Na gaji, na ratse na huta a gindin ɗorawa. Ni kaɗai."

"Za su sake shi su riƙe ki," na ce.

"Na sani."

"Ba ki da mai shaida. Mace ce ke, amma za su ce leƙen asiri kika je yi wa maza."

"Na sani."

"Ya ce kar a ambace ki. Dukan da ya sha don haka ya sha shi."

"Ya ce. Ba ya nan."

"Juwairiya, ɓoye takardar ba zai yi komai ba. Layin yana cikin kwamfutar nan, yana kuma ma'ajiyar ofis. Da zarar na nuna wayoyi bakwai za su ce a kawo komai na ranar. Dakta zai ba su. Bai yi minti biyar ba wancan karon."

"Wa ke da mabuɗin ma'ajiyar?"

Na yi jinkiri. Ta gani.

"Ke ce."

"Ni da shi."

"Kin goge shida ba wanda ya roƙe ki. Goge ɗaya."

"Wancan kuskure ne. Wannan ɓatar da shaida ne a shari'ar kisa. Ni ma ɗaure ni za a yi."

"To."

"Kuma shi kaɗai ne abin da zai fitar da ke. In na goge ba ya dawowa. Ko bayan wata shida kika canza ra'ayi a kurkuku, babu shi."

"Kin yi mata alkawari?"

"Wa?"

"Mnena. Da kika karɓi wayarta, kin ce mata lamba ce kawai?"

"Na ce."

"A kan tabarmarta?"

"A kan benci. Ta dafa min doya."

"To mu kin riga kin karya mana namu. Nata ne ya rage."

"Babu sabis a nan ma," na ce. Ni kaina na ji raunin maganar.

Ta nuna wata ƙusa a jikin taga.

"Nan muke rataye waya in muna jiran kira. Sandar sabis biyu take kawowa."

Daga waje Baba Sha'aibu ya ɗaga murya.

"Hajiya! Hadari ya haɗo ta gabas. In rafin nan ya cika, wallahi sai dai mu kwana, ni kuma ban iya shan nono ba tuwo!"

Yelwa ta sauke mayafin.

"Yarinya, kar ki saurare ta. Ɗauki kayanki ki tafi da takardunki uku. Ke kuma ba ta takardar."

Juwairiya ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ƙaramar tana bayan ɗaki ita kaɗai, ga iska ta taso. Ɗauko min ita."

"Ki ba ta takardar tukun."

"Ɗauko ta, Inna. Ina so in ba ta nono kafin mu tafi."

Yelwa ta dube ta, ta dube ni. Ta dafa bango ta miƙe, ta fita tana jan ƙafa.

Ƙafarta ta biyu na fita, Juwairiya ta tura ƙofar kwanon ta danna sakata. Ɗakin ya yi duhu, sai hasken kwamfuta. Yelwa ta fara dukan ƙofar tana kiran sunanta.

Juwairiya ta jingina bayanta da ƙofar.

"Rataya wayarki a ƙusar. Ba mai fita daga ɗakin nan sai kin goge Mnena. In kin gama mu hau babur, ki kai ni in ce musu ni ce."